Ciwon 'Ya'yan Fari na Kebbe

Goggo Tambaya ba ta taɓa yanka ko kaza ba, amma a shekarar da Likita Mai-Lalle ya zo Kebbe sai ga shi ta kashe ɗanta na fari, kuma bakinta a rufe ta yi kisan. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi, mamacin yana tsaye a wurin riƙe da linzamin dokin likita, har ya taya jama'a cewa amin.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su naɗe tabarmarsu. An turo wani likita ƙasar Tambuwal, dogo siriri mai jan gashi kamar an ƙunsa masa lalle, shi ya sa tun bai gama sauke kaya a bariki ba sunan ya bi shi. A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Yana wanke gyambo ba ya yamutsa fuska, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne yawan yaran da ke mutuwa kafin yaye. Ya ƙudura sai ya bi gari-gari ya tambayi iyaye mata haihuwa nawa suka yi, nawa ke raye, nawa suka koma, me ya ɗauke su, sa'annan ya rubuta abin da ya gano ya aika Ingila a buga a mujallar likitoci. Aibinsa ɗaya ne: ya ci jarrabawar Hausa, kuma tun daga ranar ba mai iya gaya masa komai.

A Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna aiki ya tafi sumul, don yana tare da Malam Almu, malamin ɗakin shan magani, wanda ɗan wan Goggo Tambaya ne. In an zo kan ɗan fari, Almu ba ya ko kallon uwar, sai ya waiga ya tambayi kaka ko maƙwabciya, su ba shi amsa ya juya wa likita. Bai taɓa ganin abin ya kai a yi masa bayani ba, kamar yadda ba ka zaunar da baƙo ka gaya masa dalilin cin tuwo da hannun dama. Da aka zo tafiya Kebbe sai aikin lambar rigakafin ciwon agana ya riƙe Almu a Tambuwal. Likita ya ce ba komai, ai bakinsa ya ishe shi.

To, kowa ya san ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta sa shi a lissafin 'ya'yanta, kuma da an yaye shi dangi ke ɗauke shi. Haka ake yi ko'ina, amma matan Kebbe, da yake jinin Fulani ya ratsa su, sun ɗauki abin da zafi, Goggo Tambaya kuwa ita ce limamiyarsu. Ɗanta Lauwali ya kai arba'in, yana da mata da 'ya'ya da garken shanu, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata, amma har ranar nan sunansa a bakinta "wancan". In tana son ya yi mata wani abu, bango take gaya wa, ko tukunya, ko duk yaron da ya gifta.

Ranar tambayoyi aka tara tsofaffin mata a gindin ceɗiyar ƙofar hakimi. Likita ya zauna kan kujerarsa ta tafiya da alƙalami a hannu, Goggo ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe shi.

"Sannu, tsohuwa. Mene ne sunanki?"

"Tambaya."

"I, tambaya ce nake yi. Mene ne sunanki?"

"Tambaya, ranka ya daɗe."

Sai da wani dogari ya sa baki aka wuce wannan gaɓar. Likita ya share gumi ya ce haihuwa nawa ta yi, ta ce shida, ta jero su: Zahara'u, Ummu, Namadi, Hadijatu, Maccido, Na'iya. Uku daga cikinsu sun koma. Ummu ƙyanda ce ta ɗauke ta, Namadi zawo ne a bakin yaye, Hadijatu zazzaɓin damina. Ta faɗi wannan duka ba gargada, ko da yake muryarta ta ɗan dushe a kan Hadijatu, don yarinyar har ta fara cewa inna.

"Zahara'u ita ce ta fari?"

"A'a." Goggo ba ta ƙarya.

"To akwai wani kafin ita. Mene ne sunansa? Yana ina?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa likita ƙeya. Wane irin mutum ne wannan, da zai tsare tsohuwa a bainar jama'a da irin wannan tambaya? Matan da ke bayanta suka cusa baki cikin zane, kafaɗunsu na rawa. Likita ya dubi tsohuwa ta ɓoye fuska, ya dubi mata suna sheshsheƙa, tausayi ya kama shi. Ya cire hularsa, ya tattaro Hausarsa mafi kyau ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Addu'a kuwa ba a barinta a rataye. Duk wurin aka amsa da amin, kuma muryar Lauwali ta fi ta kowa kauri, don yana can wajen doki bai ji farkon zancen ba. Haka aka yi da mace ta biyu, da ta uku, har rana ta karkata. Likita ya koma Tambuwal cike da ɗoki, mutanen Kebbe kuma suka watse suna cewa Baturen nan akwai yawan addu'a.

An gama girbin gero, Goggo har ta manta, sai ga Almu ya zo garin wani suna. Shi da Lauwali taubasai ne, ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Tun daga zaure ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Nan na gidan marigayi?"

Lauwali yana tsakar gidan Goggo yana gyaran igiyar shanu, ya ce, "Wane marigayi kuma, mai warin aidin?"

"La ilaha! Ga shi zaune har da baki. Wa yab buɗe ma ka fito? Goggo, ki yi haƙuri, na zo gaisuwa ban samu zuwa sadakar bakwai ba."

Goggo tana tsince wake a bakin ɗakinta. Ta ce wa faifan da ke cinyarta, "A gaya wa ɗan Bature ya iya bakinai, ba a wasa da mutuwa gidan ga."

"Ba ni nac ce ba, Goggo, likita na. Ya gano ciwo sabo ful, wanda ba a taɓa jin irinai ba duniya. Ya ce Tambuwal ɗiyan fari na rayuwa, Sanyinna suna rayuwa, Kebbe kaɗai ta ba su kai labari. Yanzu haka shina can shina bincike, ko ruwan rijiyarku na, ko kunun kanwa na. Har suna ya raɗa mai, ciwon ɗiyan fari na Kebbe. Ke ce ma ya sa farkon takarda, ya ce wata tsohuwa baƙin ciki ya hana ta ambaton sunan ɗanta bayan shekara arba'in."

Lauwali ya yi dariya har igiya ta suɓuce masa. Goggo ba ta yi ba. Hannunta ya tsaya cak cikin wake.

"Rubutawa yay yi?"

"Da keken rubutu ma. Ingila za a kai a buga."

"Guda nawa?"

"Dubu, ko fi. A watsa kusurwa fuɗu ta duniya, kowane likita ya samu tashi."

Goggo ta ajiye faifan. Ita ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san abin da rubutu ke yi. Da rubutun sha aka same ta ita kanta, bayan uwarta ta gaji da bin malamai tana tambayar maganin haihuwa, shi ya sa ma aka sa mata Tambaya. Allo ɗaya tak ake wankewa a sha zazzaɓi ya sauka, laya ɗaya ake binnewa mutum ya bar gari. To ina ga takarda dubu, kowace tana cewa ɗanta ya mutu, kuma wai daga bakinta aka ji? Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da jikin Hadijatu ya yi zafi.

"Ba mai dubawa kafin a buga?"

"Akwai. Sai manyan likitocin can sun karanta sun yarda."

"Sun san Kebbe?"

"Ko a mafarki."

"To mi za su dubawa?"

"Lissafi, Goggo. In lissafi ya tashi daidai, shi ke nan. Daga nan wani likita ya karanta ya kafa hujja da ita ya rubuta tashi, wani ya kafa hujja da wancan, wada malamai ka cewa wane ya ruwaito daga wane."

"Ashe har haihuwa taka yi. In an gane kure na fa, a goge?"

"Abin da anka buga ba ya gogewa. Sai dai a sake buga wata 'yar mitsitsiya can ƙarshe a ce an yi kure, ita kuwa ba kowa ka karanta ta ba."

"Kai kuma kana tsaye kamar turmi, ba ka gaya mai ba?"

Almu ya rantse ya gaya masa. Ya ce masa kunya ce, likita ya jawo wani ƙaton littafi ya duba, ya ce kunya ita ce abin da ɓarawo ke ji in an kama shi, to wace uwa ce za ta ji kunyar ɗan sunna? Likitan ya ce shi da kunnensa ya ji, da idonsa ya ga hawaye, kuma ba zai sauya baƙi ɗaya ba sai uwa guda ta zo gabansa ta faɗa da bakinta cewa nata yana raye. Almu ya ce ya san wannan sai ranar da jaki ya yi ƙaho, shi ya sa ya mai da abin wasa. Takardar ta kusa kammala, motar wasiƙu ta mako mai zuwa za ta wuce da ita Sakkwato.

Goggo ta bi gidajen tsararrakinta ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda za ta je. Kowace ta kama baki ta ce wannan ai babban abu ne, lalle a samu wadda za ta yi, kuma kowace ta ga ba wadda ta dace sai Tambaya, tunda da ita aka buɗe takarda. Ta dawo gida tana huci, ta tarar an shigo da Lauwali yana ɗingishi, saniya ta take masa ƙafa. Ɗan kumburi ne wanda ruwan zafi zai sauke, amma Goggo ta dube shi ta gefen ido ta ce a ranta, tun ba a buga ba ke nan. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Da gari ya waye ta tsaya tsakar gida ta gaya wa randar ruwa, "A ce wa wancan ya ɗaura wa jaki akumari, Tambuwal za ni."

Tafiya ce mai nisa ga tsohuwa, har sai da suka yada zango a hanya. Tana bisa jaki, Lauwali yana gaba yana jan ƙafa. In ƙishi ya kama ta sai ta ce wa jakin rana ta yi zafi, gora ta iso hannunta. In ta ga ɗingishin ya ƙaru sai ta ce jakin nan ya gaji, a zauna inuwa. Duk hanyar tana kitsa yadda za ta fahimtar da Bature ba tare da ta zubar da mutuncin da ta tara shekara arba'in ba, kuma ta tabbata za ta iya, don ba a taɓa ƙure ta a zance ba.

Da hantsi suka isa bariki. Likita yana baranda yana lasar bakin wata ƙatuwar ambulan, fuskarsa kamar gonar auduga. Almu yana tsaye gefe, da ya hango su ya zaro ido. Lauwali ya ɗaure jaki a gindin maɗaci ya tsaya can nesa.

"A'a! Tsohuwa mai suna Tambaya! Sannu da zuwa. Ba ki da lafiya?"

"Lafiya lau, likita." Ta durƙusa, ta nuna gindin maɗaci da haɓa. "Kana ganin wancan?"

"Ina ganinsa. Shi ya riƙe mini doki a Kebbe."

"Shina da rai?"

Likita ya ƙare wa Lauwali kallo irin na masu aikinsa. "In ban da ƙafar nan, ya fi ni lafiya."

"Alhamdu lillahi. To sai ka gyara takardarka."

"Me ya haɗa shi da takardata?"

"Ɗan maigidan na, Allah jiƙan rai nai."

"Wane maigida?"

Nan ma wani ramin ne, don sunan mijin fari shi ma ba ya faɗuwa. "Wanda nika zaune gidanai."

"To, ɗan mijinki ne. Wace ce uwarsa?"

"Wata ta."

"Tana raye?"

"Tana nan."

"A ina?"

"Ba ta yi nisa ba."

"Madalla, sai a kirawo ta."

Almu ya kasa daurewa, ya buɗe baki, likita ya ɗaga masa yatsa. Ya ce a aikin bincike ba a sa wa mai amsa magana a baki, in ba haka ba abin da kake so ka ji shi za ka ji. Maganarsa gaskiya ce kuwa, sai dai ta zo a ranar da ba a bukatarta. Ya yafito Lauwali ya tambaye shi wace ce uwarsa. Shi kuma ɗan fari ai da tasa kunyar. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Goggo Rabi'atu tar riƙe ni, ƙanwar babana."

"Ka gani ko, Malam Almu? Ga uwarsa can, Rabi'atu."

Kafin wani ya ce tak sai ga ƙahon motar wasiƙu daga hanyar Jega. Likita ya danne bakin ambulan da tafin hannu, ya miƙa wa masinja, masinja ya sa a jaka ya kama hanyar bakin titi. Goggo ta bi jakar da ido. Ta buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Ta haɗiye, ta sake gwadawa, ya ƙi. Ba taurin kai ba ne, harshen ne bai san hanyar ba.

Lauwali ya ga halin da take ciki. Ya matso, ya tsuguna ɗan nesa da ita yana kallon ƙasa, ya yi abin da bai saba ba, ya yi mata magana kai tsaye.

"Goggo, tashi mu koma gida. Kak ki kunyata kanki gaban mutane don ni. In takarda na kisa, to kwana ya ƙare, in ba ta yi, ga ni nan. Ni ban taɓa jin kin rage ni da komi ba."

Wannan ita ce maganar da ta karya ta. Da ya roƙe ta ta faɗa, da ta iya cijewa. Amma a ce yaron nan ya yarda a rubuta shi cikin matattu don kada ta ji nauyi, wannan kam zuciyarta ba ta iya ɗauka ba. Ta yaye mayafin daga fuskarta, ta miƙe tsaye, ta dubi likita ido cikin ido.

"Lauwali."

Har masinja sai da ya waigo.

"Sunanai Muhammadu Lauwali. Ni nah haife shi. Ɗana na, na cikina, na fari. Rabi'atu riƙo tay yi, ba ta san zafinai ba. Da damina ta, gero ya fara fid da kai, ina 'yar yarinya, har anka fid da rai gare ni. Randa anka yaye shi anka ɗauke shi ban yi kuka gaban kowa ba, bayan rumbu nika zuwa in yi abina. Ban taɓa cin abu mai daɗi ban rage mai ba, sai in ce a kai wa wancan kada ya lalace. In ya yi tari cikin gidanai ni ka fara ji. Shekara arba'in nika kallonai ta wutsiyar ido, yanzu ka ce za ka kashe min shi da keke? To ga shi nan tsaye, bai mutu ba, ba kuma shi mutuwa gabana in Allah ya yarda. Rubuta wannan!"

Fuskar likita ta koma launin gashinsa. Ya ƙwala wa masinja kira, ya karɓe ambulan ya riƙe ta a ƙirji.

"Malam Almu, sauran matan fa?"

"Duk haka na, ranka ya daɗe."

"Dukansu? To ina 'ya'yan?"

"Su sunka kafa ma rumfa, su sunka ɗebo ma ruwa. Ba ka ji rabin mazan garin Lauwali aka kiransu ba? Ai na farko ke nan."

Likita ya zube kan kujera. Damina guda ya kashe a kan takardar nan, har ya rubuta wa manyansa albishir, kuma a zuciyarsa ya riga ya ga sunansa manne da sunan ciwo a littattafan da ɗalibai za su haddace. Ya daɗe yana kallon ambulan, motar wasiƙu ta yi ƙaho ta gaji ta wuce. Can sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da nisa da kuka. Ya ce da takardar nan ta haye teku, da har ya mutu ana nuna shi da baki, ko kuma abin da ya fi wannan muni, a yarda da shi. Ya yage bakin ambulan ya zaro takardun, ya kama su da hannu biyu zai raba.

"Kak ka yage duka," in ji Goggo. Murya ta dawo mata daidai, ta koma ta durƙusa. "Ummu da Namadi da Hadijatu suna ciki?"

"Suna ciki."

"Su kam gaskiya ta. Su za ka bugawa, dubu ko fi, a kai ko'ina. Wataƙila can wani mai ilimi ya gano abin da ka ɗauke muna su, jikokina su huta."

Likita ya sauke hannunsa. Ya ce zai koma Kebbe ya sake tambaya daga farko, wannan karon da Almu, kuma kakanni zai tambaya. Ya duba ƙafar Lauwali ya ɗaure ta da bandeji, ya raka tsohuwa har gindin maɗaci ba hula a kansa. Almu ya bi su da gorar ruwa, ya dubi taubashinsa yana ta faman gyaran akumarin da ba abin da ya same shi, fuska a manne da wuyan jaki, ya ajiye gorar ya koma, yau kam ba tsiya.

Sun bar gari, sun shiga gonakin dawa, Goggo tana ta jin kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Ta san kafin su isa gida labari ya riga su, kuma matan Kebbe za su yi shekara suna cinta ɗanya. Ta auna abin ta ga ba ta yi nadama ba ko kaɗan.

Lauwali ya rage tafiya har jakin ya zo daidai da shi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Goggo, ɗazu motar ga ta cika ƙara, ban ji abin da kic ce ba da kyau. Ko za ki sake?"

"Bature nag gaya wa, ba kai ba. Wuce mu tafi, rana na yi."

Ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga, ya wuce gaba yana ɗingishi. Ita kuma ta bari sai da ya ba ta tazara, sa'annan ta sake faɗinsa a hankali, don ta ji ko bakin zai iya ba tare da Bature a gabanta ba. Ya fita sumul, sai ta ƙara. A na ukun iska ta ɗan kwashe shi, ta ga kafaɗun Lauwali sun motsa, amma bai waiwayo ba, ita ma ba ta daina ba.